Kai iyali tsibiran Ada a ƙarshen mako: ruwa ne zai tsara muku tafiyar

"Assalamu alaikum, Malam. Muna zaune a Nima cikin Akra. Maigidana ya ga hotunan wasu tsibirai a wajen Ada, inda kogi ya haɗu da teku, ya ƙwallafa rai sai mun je mun kwana can a ƙarshen mako, wai yara su ga yadda ake rayuwa ba mota ba hayaniya. Yaranmu uku ne, mai shekara goma sha ɗaya, da mai bakwai, da ƙaramar mai shekara biyu da rabi, ga surukata ta ce ba za a bar ta a gida ba. Duk cikinmu ba wanda ya iya iyo. Ni dai gabana faɗuwa yake yi. Tafiyar nan mai yiwuwa ce, ko in lallashe shi mu haƙura? Idan mai yiwuwa ce, yaya za mu yi da salla da abinci da wurin kwana?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, abu biyu kika ƙulla a ƙulli ɗaya: ko hankali zai yarda a ɗora dattijuwa da 'yar shekara biyu da rabi a kwalekwale alhali ba mai iyo a cikinku, sannan idan an tsallaka lafiya, yaya Musulmi zai kwana ya tashi a ƙauyen da babu zango. Na daɗe ina kai mutane wannan yanki, wani lokaci iyalai, wani lokaci ɗaliban Islamiyya da malamansu, kuma faɗuwar gaban da kika ambata ni ma har yau takan ziyarce ni duk sanda na ƙirga kawunan yara a bakin gaɓa. Kada ki hana Alhaji tafiyarsa. Amma ki karɓe tsarin daga hannunsa, domin shi hoto ya gani, ke kuwa ruwa kike hangowa, kuma ruwan ne mai hukunci a can. Kwana ɗaya za ku yi, ku tsallaka da hantsi, washegari ku juyo kafin la'asar, a jirgin da kuka ɗauka shata ku kaɗai. Bari in faɗa miki dalilan.

Inda za ku

Ada Foah tana gabas da Akra, tazarar ta ɗan haura kilomita 100. Za ku bi babbar hanyar Tema, ku wuce Dawhenya da Sege, a Kasseh ku saki hanyar Aflao ku karkata dama, ku ratsa Big Ada har hanya ta kai ku bakin ruwa. Idan hanya ta yi kyau awa biyu ce da 'yan kai, idan cunkoson Tema zuwa Dawhenya ya riƙe ku, ku ƙara ɗaya. Shi ya sa nake cewa a tashi da an idar da sallar asuba, a sha koko da ƙosai a cikin mota.

Kogin Bolta, bayan ya sauko tun daga Burkina Faso ya ratsa madatsar Akosombo da ta Kpong, a nan yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, ya bar tsibirai a tsakanin rassansa: Azizakpe, Aflive, Alorkpem, Pediatorkope da wasu ƙanana. Mutanen Ada harshensu Dangme, idan aka tsallaka gabas wajen Anyanui kuma sai Ewe. Kamun kifi, da bandar kifi, da kwakwa, da rake, da saƙar tabarma, da su ake ci ake sha. Wurin kuma ba baƙo ba ne ga tarihinmu. Gishirin tafkin Songor, wanda ke yamma da garin, a zamanin da, da kwalekwale ake haurawa da shi kogin har Kete Krachi, ya ƙarasa kasuwar Salaga inda fataken goro Hausawa ke saye. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934, a bakin wannan kogin ya yi zamansa na ƙarshe. Idan kin faɗa wa surukarki haka, za ta kalli ruwan da wani ido.

Akwai abin da nake so ki tantance da Alhaji tun kafin ku tashi: wane hoto ya gani? Yawancin hotunan da ke yawo a waya, masu bukkokin ciyawa da gadon lilo tsakanin itatuwan kwakwa, an ɗauke su ne a wani siririn zirin rairayi da ya raba kogi da teku, inda aka kafa masaukan baƙi. Can akwai gado, akwai mai dafa abinci, a ƙarshen mako kuma akwai kiɗa da giya da matasan Akra cikin kayan wanka har tsakar dare. Ƙauyukan tsibiran wani abu ne daban: gidajen mutane ne, da awakinsu da makarantarsu da cocinsu, ba wanda ya gina su don ku. Ga iyali irin naku, musamman da Hajiya surukarki a tare, ƙauyen ya fi shiru da mutunci, amma sai an shirya masauki tun daga gida ta hannun wanda ya san wurin. Ba inda za a dira da jaka a ce ina ɗakin haya ba ne.

Jirgi da lokacin tsallakawa

A nan zan daɗe, domin a nan ne rai yake.

Kogin a wannan yanki ba ya gudu a kan hali ɗaya. Teku yana cikowa yana janyewa sau biyu tsakanin yini da dare, kogin kuma yana bin sa. Idan teku ya ciko, sai ya tokare kogin, ruwa ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Idan ya fara janyewa, duk ruwan da ya taru sai ya nufi ƙofa ɗaya, wato bakin da kogi ke faɗawa teku, da ƙarfin da ido ba ya ganewa daga gaɓa. Ƙarfin ya fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Ku da kuke lissafin watan Musulunci wannan ba zai yi muku wuya ba. Ga kuma iskar teku, wadda da safe takan yi lamo, rana na karkatawa ta fara tashi. Idan iska ta turo daga kudu, ruwa kuma yana gangarawa kudu, sai su yi karo, igiyar ruwa ta miƙe gajera mai tsini tana marin gefen jirgi tana fantsamowa ciki. Matuƙan sun saba da wannan. 'Yar shekara biyu ba ta saba ba, kuma tsoratar fasinja, kowa ya zabura ya koma gefe ɗaya, ita ke kifar da jirgi fiye da igiyar kanta.

Sannan duhu. Kin san yadda yake a ƙasar nan: wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, kafin ki waiga gari ya rufe. A kan ruwa babu fitilar titi, jiragen da yawa kuma ba su da tasu.

Na koyi wannan da jikina. Wata shekara na kai wasu iyalai biyu, muka yi da mai jirgi zai kwashe mu ƙarfe uku. Mai masaukinmu ya kawo ƙarfasa ya ɗora a garwashi, aka ce ai ba a tashi a bar kifi a wuta. Ni da ya kamata in tsaya kai da fata, sai na biye. Ba mu bar gaɓa ba sai bayan biyar. Muna tsakiyar kogi injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Matuƙin ya ja igiya har ya gaji, ya buɗe tanki ya girgiza, shiru, mai ya ƙare, kuma babu ko galan ɗaya na ajiya. Filafili ɗaya ne a jirgin, yaronsa ya ɗauka yana tuƙi, amma ina kallon itatuwan kwakwar da ke gefenmu suna wucewa ta inda bai kamata ba: ruwa na janyewa, yana tafiya da mu wajen baki. Jirgin ya yi tsit, ba ka jin komai sai wata dattijuwa da ke maimaita addu'ar Annabi Yunusa a hankali, da ƙarar robar da ake kwarfe ruwa da ita. Wani masunci mai komawa gida ne ya hango hasken wayoyinmu, ya jefo igiya ya ja mu. Mun yi magariba a gaɓa bayan taurari sun fito. Ba abin da ya sami kowa, amma laifin nawa ne, ba na kifi ba. Tun daga ranar, kafin kowa ya sa ƙafa, ni da kaina nake ɗaga galan ɗin mai in ji nauyinsa, in ƙirga filafilai, in duba robar kwarfa. Man da injinan nan ke sha, wanda ake gaurayawa da baƙin mai, yakan yi ƙaranci a gaɓar Gana, don haka matuƙi yakan fito da ɗan abin da yake ganin zai kai shi ya dawo. Idan kun ɗauki shata, ku sa kuɗin ƙarin mai a cikin ciniki, ku gan shi da idonku.

Me ya sa na nace a kan shata, alhali jirgin haya ya fi arha nesa ba kusa ba? Saboda ranar Asabar za ku. A kudancin Gana Asabar ranar jana'iza ce, ranar da jiragen ƙauye ke cika maƙil da masu baƙaƙe da jajayen kaya, da kujerun roba, da akwatunan lemo, ana ta ƙara mutum a kan mutum don kada a bar wani. A watan Maris na 2023 wani jirgi da ya kwashi masu zuwa jana'iza daga Azizanya zuwa Azizakpe ya kife, aka yi asarar rayuka, a tsallaken da ba shi da wani nisa. Ki riƙe wannan: kusancin gaɓa ba ya ceton wanda bai iya iyo ba. Idan jirgin naku ne, ku ke cewa ya isa, ku ke cewa a jira, ku ke cewa ba za mu je bakin da kogi ke faɗawa teku ba. Domin matuƙa kan yi wa baƙi tayin a kai su su ga daidai inda ruwan kogi da na teku suka haɗu. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma ku gan shi da ƙafa daga kan rairayi, yara a riƙe a hannu. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa, kada ku yarda da kowane uzuri a kanta. Jiragen da ke ɗaukar baƙi suna da ita, amma galibi ta manya ce. Ta ƙaramar ku saya a Akra ku tafi da ita, da ta ɗan shekara bakwai idan da hali. Ga gwajin da nake yi: a sa wa yaro, a ɗaure duk maɗauran har da na tsakanin ƙafafu, sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga. Idan ta zame ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, a cikin ruwa ma haka za ta zame ta bar shi. Ku sa wa ƙaramar a gida sau biyu ko uku tana wasa, don kada ranar farko ta zama ranar kuka da fizge-fizge a bakin gaɓa.

Abu biyu kuma da suka shafe ku mata musamman. Kada ki goya yarinya a baya a cikin jirgi. Na san hannu ya fi sakewa da goyo, amma idan wani abu ya faru, ke rigarki za ta kwantar da ke rigingine, ita kuma tana ƙasanki, ɗaure da zanen da ya jiƙe ba ya kwantuwa. Ki zaunar da ita a cinya da rigarta. Na biyu, hijabi mai tsawo har ƙasa da zane mai nauyi idan suka sha ruwa suna naɗe ƙafa. Ki sa wando a ciki, hijabi madaidaici, rigar ceto a samansa a ɗaure tamau. Hajiya za ta iya cewa ita ba za ta sa wannan abin ba, Allah ne mai tsarewa. Ki bar Alhaji ya lallashi mahaifiyarsa, shi ya fara sa tasa a gabanta. Ku zaunar da ita a tsakiyar jirgi inda ya fi faɗi, kuma ku tambaya tun farko ko inda za a sauka akwai katakon takawa, domin a gaɓoɓi da yawa sai an taka ruwa ko an ɗauki mutum. Kowane yaro a damƙa shi ga babba ɗaya da suna, kada a ce kowa yana kallo. Kuma ba mai miƙewa ɗaukar hoto.

Game da kuɗi, ba zan faɗa miki farashi ba, domin yana tafiya da kuɗin mai, abin da na biya a zuwan baya ba shi za ku biya ba. Ku dai yi ciniki na zuwa da dawowa, ku ba da rabi, sauran sai an dawo da ku. Ku karɓi lambar matuƙin da ta wani na biyu. Ku tuna Lahadi da safe mai jirginku wataƙila yana coci har rana ta take, saboda haka ku tsayar da lokacin tun ranar Asabar, baki da baki. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin turawa ta waya sai inda sabis ya kama.

Ruwan da ya yi kama da na wasa

Da kun sauka, yara za su ga 'ya'yan ƙauyen suna tsalle cikin kogi kamar kwaɗi, za su so su bi. A nan za ki zama muguwa na yini ɗaya. Ban da nutsewa, akwai tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, ba sai an sha ba. Bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965, ambaliyar shekara-shekara da ke wanke kogin ta tsaya, ciyawar ruwa ta yaɗu, rairayi ya riƙa toshe baki yana hana ruwan gishiri shigowa, dodon koɗin suka sami gida. Shi ya sa hukumar da ke kula da kogin ta shiga yashe bakin tun wajen 1990, don gishiri ya shigo ya rage su. Kusa da baki ruwan yana da gishiri-gishiri, haɗarin ya ragu, amma ku baƙi ba za ku iya gane inda iyakar take ba, kuma tana motsi da cikowar teku. Ku ɗauka duk gefen da ke da ciyawa da ruwa kwance abin gudu ne.

Wannan ya shafi alwala da wanka. Ku tafi da ruwan leda ko jarka mai isarku sha da alwala, ku lissafa da yawa, domin zafi da gishirin iska suna sa ƙishi. Idan dole sai an yi wanka da ruwan kogi, a tafasa shi a bar shi ya huce, ko a nemi wanda ya kwana biyu a randa. Idan wani ya faɗa ruwa ko ya taka, ba abin tashin hankali ba ne, amma ki riƙe ranar, ki faɗa wa likita idan bayan wasu makonni kika ga zazzaɓi ko canji a fitsari. Akwai maganinta, praziquantel, sai dai ni ba likita ba ne, awo da adadin magani aikinsu ne.

Gefen teku kuma ba a ma magana. Tekun wannan gaɓa yana da igiya mai ƙarfi da jan ƙasa, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji rairayi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ne ya cinye yawancin sansanin Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a Ada Foah a 1783, ya kuma sha korar mutane daga gidajensu a ƙauyukan gaɓa irin su Totope. Yara su tsinci ɓawon kifi a inda rairayi ya bushe, ya ishe su.

Sauro akwai shi, musamman da magariba kusa da itatuwan nan masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Ku tafi da gidan sauronku da igiyar ɗaurawa, kada ku dogara da na masauki. Zazzaɓin cizon sauro ba ya nunawa sai bayan mako guda ko fiye, wato bayan kun dawo kun manta. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin da suka biyo baya, a yi masa gwaji ranar. Ku riƙe katin inshorar lafiya, da maganin zazzaɓi na yara, da garin gishiri da sukari na gudawa, da duk maganin da Hajiya ke sha kullum. Akwai ƙaramin asibiti a Pediatorkope, amma babban asibitin gundumar yana kan tudu, tsakaninku da shi akwai ruwa da dare. Wannan ne ma babban dalilina na cewa kwana ɗaya. Idan Hajiya tana da ciwon zuciya, ko hawan jini da bai daidaita ba, ko asma mai tashi da dare, to ku kwana a masauki cikin Ada Foah ko Big Ada, ku shiga tsibirin da safe ku yini ku fito. Yara ba za su rasa komai ba sai taurari, su ma ana ganinsu daga gaɓar gari.

Wane wata

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Ruwan sama ya ɗauke, kuma lokacin ne kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami a rairayi su yi ƙwai, har da irin nan mafi girma mai baya kamar fata. Ofishin kula da namun daji da ke Ada Foah yana shirya fita kallonsu da jagora. Doka ta hana taɓa su ko ƙwansu, kuma ganinsu sa'a ce, ana iya kwana ana tafiya ba a gamu da ko ɗaya ba. Da ƙaramarku da Hajiya, wannan sai dai Alhaji da babban yaro. Mayu da Yuni ku bari, lokacin manyan ruwa ne da hadari mai tasowa ba sallama. Makon farko na Agusta bikin Asafotufiami ne, garin yakan cika da jama'a da harbin bindigogin gargajiya, masauki da jirgi duk su yi tsada, haka ma hutun Ista. Satumba da Oktoba kuma ku saurari labarai: ranar 15 ga Satumba 2023 aka fara sakin ruwa daga Akosombo saboda tafkin ya cika, ambaliyar ta raba dubban mutane da gidajensu a Mepe da sauran garuruwan Tongu, ta kuma taɓa tsibiran Ada. Duk shekarar da aka ce ana sakin ruwa, a ɗaga tafiya.

Ci, salla da kwana

Abinci ba zai ba ku wuya ba idan kun tsaya a kan abin ruwa. Ƙarfasa gasasshiya da banku da yaji, dokunu, jatan lande, ƙaguwa, da wani abin ruwa mai ɓawo biyu da ake nutso a ciro daga ƙasan kogi, wanda za ku ga tulin ɓawonsa a wajen Big Ada. A mazhabar Malikiyya duk abin ruwa halal ne. Nama ne ake barin sa, domin yankan ba namu ba ne, kuma ana kiwon alade a yankin. Idan za a dafa muku, ku sayi kifin da kanku daga masunta, ku roƙi a sa a tukunyar da aka wanke, ko ki tafi da ƙaramar tukunyarki, ba wanda zai ji haushi idan an faɗa da fara'a. Ki ɗauki gari, da sukari, da ƙuli-ƙuli, da burodi, da shayi, saboda Hajiya da ƙaramar, waɗanda cikinsu ba ya son sabon abu. A Aflive ana matse rake a dafa giyar gargajiya, kuma masu jirgi sun saba kai baƙi can su ɗanɗana. Ki gaya wa matuƙi tun farko cewa ku ba masu sha ba ne, ya kai ku wajen masu saƙar tabarma.

Salla kuwa sauƙi ne. Tafiyarku ta wuce burudi huɗu, wato mil 48 da malamanmu ke ƙaddara kasaru da shi, amma ku tambayi malaminku kafin tashi don zuciya ta natsu. Alƙibla kamar yadda kuka saba a Akra, gabas a karkata hagu wajen arewa. Ku riƙe darduma da buta. Mutanen wurin sun san Musulmi, suna haɗuwa da su a kasuwar Kasseh, za su ba ku inuwa su ja yaransu gefe.

Ɗakin kwana kada ku sa rai da yawa: katifa ko tabarma, rufin kwano ko na ciyawa, iskar teku maimakon fanka. Pediatorkope tana da lantarki mai aiki da hasken rana, amma ku tafi da tocila biyu da batirin cajin waya. Abin da nake tambaya kafin komai shi ne ban ɗaki, domin ba kowane gida ke da shi ba, kuma dattijuwa ba za ta bi duhu zuwa bayan gari ba. Idan mai haɗa ku da masauki ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan tambaya, ku nemi wani gidan. Ki sa fo na ƙaramar a kaya, ki kuma tambaya ko akwai zaman makoki a ƙauyen a wannan makon, don idan akwai, lasifika ce har asuba.

Da kun sauka, kafin yawo, ku sa mai masaukinku ya kai ku gaida dattijon gari. A wajen Dangme ana ce wa sarki Nene. Idan mutane suna zaune a jere, ana fara musabaha daga dama a bi zuwa hagu, kuma ba a miƙa komai da hagu, wannan kun sani. Al'adar wurin a kai wa sarki kwalbar giya, ni kuwa nakan sa ɗan kuɗi a ambulan in haɗa da sabulu ko burodin Akra, in ce mu Musulmi ne, ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Kada a ɗauki hoton mace tana bandar kifi ko yaro tsirara ba a tambaya ba. Kada kuma ku raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya, yana koya musu bin baƙi. Idan kuna da littattafan rubutu da fensir, ku ba malamin makaranta. Ledojin ruwanku ku tattara ku dawo da su, tsibiri ba motar shara.

Lahadi bayan asuba ki tashi yaran ku zauna a gaɓa. A lokacin ne kogin yake kwance, masunta na dawowa suna zazzage koma, mata na jiran su da kwanoni, hayaƙin banda yana tashi ta tsakanin kwakwa. Babban yaronku zai so ya kama igiya ya taya ja, ki bar shi muddin ƙafarsa na kan tudu. Ku karya, ku yi sallama da masu gida, ku biya su abin da kuka yi da su har da ɗan ƙari. Kaya su kasance a gaɓa tun sha biyu, jirgi ya tashi kafin ƙarfe biyu, ko da an ɗora wani kifin a wuta. A naɗe shi a takarda, ku ci a Kasseh.